Daga Aji Zuwa Biro: Jagorar Ɗalibi Mai Neman Sitaj a Ma'aikatar Gwamnati a Tahoua

Akwai wata safiya da ba na mantawa da ita, cikin watana na farko na koyon aiki a wata ƙaramar hukuma ta jiharmu. Wata tsohuwa ce ta zo riƙe da hannun jikanta. Yaro ya kai ajin rubuta jarrabawar BEPC, an ce ya kawo takardar haihuwa, ga shi tun da aka haife shi a ƙauye ba wanda ya kai sunansa gaban hukuma. Zuwanta na uku ke nan. Na jawo mata kujera na ce, "Inna, zauna ki huta tukuna." Na shiga na tambayi ma'aikacin da nake ƙarƙashinsa, ya bayyana mini hanyar da Faransanci, na fito na juya mata ita da Hausa: wa'adin bayyana haihuwa ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali, ga shaidun da za ta zo da su, ga ƙofar da za ta fara zuwa. Bayan ƴan makonni sai ga yaron da jijimarsa a hannu, wato takardar alƙali mai maye gurbin takardar haihuwa, ya zo musamman don ya nuna mini.

Tun ranar na gane abin da sitaj, wato koyon aiki, yake. Ɗalibai da yawa suna ɗaukarsa a matsayin sa hannu da hatimi da za a kai wa makaranta a samu maki. Makin yana da amfani, amma babbar ribar ita ce ka fito ka san yadda takarda ke tafiya cikin ma'aikata, daga hannun wa zuwa hannun wa, har ka iya nuna wa talakan da bai yi lakwal ba hanyar da zai bi. Ƙanena, ƙanwata, da wannan niyyar nake so ku karanta abin da ke tafe.

Da fari, san irin sitaj ɗin da kake nema

Ana yawan cakuɗa abubuwa uku. Akwai sitaj na karatu, wanda makaranta ke wajabta maka kafin ka kammala lisans (digiri na farko) ko mastar ko difloma ta IUT (cibiyar fasaha ta jami'a), kuma a ƙarshensa ka rubuta rahoto. Akwai wanda mutum ke nema da kansa bayan ya gama karatu don hannunsa ya faɗa, a nan ne hukumar ANPE mai kula da samar da aikin yi take shigowa. Sai kuma bautar ƙasa, wato sarbis sibik, wadda masu digiri ke yi a ma'aikatun gwamnati ana ba su ɗan alawus. Wannan jagorar ta fi karkata ga na farko. Kuma ka sani tun yanzu, galibi ba a biyan ko dala a irin wannan sitaj. Ka zauna ka lissafa kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa, da na abincin rana, da na buga rahoto, ka gaya wa iyayenka ko yayyenka tun da wuri.

Zaɓen wuri: nan ne mutane ke yin kuskure

Ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani da ya ji kalmar sitaj, sau da yawa hankalinsa Yamai yake tafiya, ga manyan ma'aikatun ministoci. Ban ce kada a je ba. Amma can za ka tarar da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da na makarantar horar da ma'aikatan gwamnati ta ENA da na makarantu masu zaman kansu sun cika layi, ga kuɗin mota na tafiyar fiye da kilomita 500, ga neman masauki. Kuma a babbar ma'aikata ɗan sitaj yana iya share wata biyu bai taɓa komai ba sai jarida.

A ganina, wanda ke son ya koyi aikin hukuma da gaske ya sauko inda hukuma ke haɗuwa da jama'a ido da ido. Jihar Tahoua tana da gundumomi 12 da ƙananan hukumomi 44, birnin kansa ya kasu gida biyu. Ga ofishin gwamna, ga ofisoshin perfe, wato shugaban gunduma, a Ƙonni da Madaoua da Keita da Illela da Bouza da Abalak da sauransu, ga reshen kusan kowace ma'aikatar minista a matakin jiha: ilimi, lafiya, noma, kiwo, muhalli, ruwa, tsare-tsare. A irin waɗannan wurare ma'aikata ba su da yawa, aiki ya fi ƙarfin hannuwa, don haka duk wanda ya zo da niyyar taimako za a ba shi abin yi.

Ka daidaita wurin da karatunka. Ɗalibin shari'a, ka nufi sashen rajistar haihuwa da aure da mutuwa, wanda ake ce wa eta sibil, ko kotu, ko kwamitin filaye. Ɗalibin tattalin arziki da gudanarwa, ka nemi sashen kuɗi na meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, ko ofishin haraji ko baitulmali. Ɗalibin noma, ga ma'aikatar noma da ta muhalli. Wanda ya je Keita zai ga da idonsa abin da aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 ya bari a kan tuddai da fadamu.

Bari in ɗan tsaya a kan kwamitin filaye, don shi ne wurin da ɗalibai suka fi mantawa da shi alhali ya fi ko'ina darasi. Dokar karkara ta 1993 ce ta kafa tushen waɗannan kwamitoci, akwai na gunduma, na ƙaramar hukuma, da na ƙauye. A nan ake rubuta shaidar sayar da gona, da kyauta, da aro, da jingina, da gadon gargajiya. A nan ake maganar burtali da mashaya da ranar sakin gonaki bayan girbi. Jiharmu ta haɗa ƙasar noma a kudu da ƙasar kiwo a arewa, tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, kuma duk ɗan Adar ya san abin da ɓarnar gona ɗaya ke iya haifarwa tsakanin manomi da makiyayi. Ɗalibin da ya zauna wata biyu yana kallon yadda hakimi da ma'aikacin gona da wakilin makiyaya ke sasanta irin wannan magana ya koyi abin da ba a rubuta shi a allo.

Haɗa takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara aƙalla wata biyu kafin ranar da kake son somawa. Je sashenku na jami'a ka karɓi takardar gabatarwa, wadda ke shaida cewa kai ɗalibinsu ne kuma sitaj yana cikin karatunka. Wasu wurare za su nemi yarjejeniyar sitaj da makaranta da ma'aikata da kai kanka za ku sa wa hannu. Ka haɗa da kwafin katin ɗalibi ko shaidar rajista, da kwafin katin ɗan ƙasa, da taƙaitaccen tarihin karatunka a shafi ɗaya. In an ce a buga wa kwafi hatimin tabbatarwa, meri ko ofishin ƴan sanda za ka je. Kafin ka sayi tambur, tambayi sakatariyar wurin ko suna buƙatarsa da kuma na nawa.

Sai takardar roƙo. Ko da yake kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki, da shi za ka rubuta. Wurare da yawa har yanzu sun fi son rubutun hannu. Ka rubuta wa shugaban ma'aikatar da muƙaminsa daidai. A nan a kula: tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi, aka naɗa kantomomin riƙo, waɗanda ake ce wa AD a taƙaice. Wanda ya kwafo tsohuwar takardar yayansa mai cewa "zuwa ga magajin gari" ya nuna tun daga layin farko cewa bai san gidan da yake son shiga ba.

Cikin takardar ka faɗi abu huɗu kawai: wane ne kai kuma me kake karantawa, wane sashe kake so, daga yaushe zuwa yaushe, da batun da kake son nazari a kai. Wannan na ƙarshe shi ne ke bambanta takardarka da sauran. "Ina neman sitaj a ma'aikatarku" kowa ya rubuta haka. Amma wanda ya ce yana son ya duba yadda ake karɓar harajin kasuwa, ko dalilin da ya sa iyaye ke makara wajen bayyana haihuwa, ya sauƙaƙa wa shugaba aiki, don nan take zai san sashen da zai tura shi.

Kai takarda da bin sawunta

Zuwa da kai ya fi aike. Ka kai da hannunka sashen karɓar wasiƙu, wanda ma'aikata ke kira kuriye. Ka je da kwafi biyu, a karɓi ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata da lamba a ɗayan ka riƙe. Wannan lambar ita ce igiyar takardarka. Na taɓa kai takarda wani wuri ban karɓi shaidar karɓa ba, da na dawo aka neme ta sama da ƙasa ba a gani ba, sai da na sake sabuwa, mako uku suka tafi a banza.

Ga yadda take tafiya a ciki: a rubuta ta a rajista, a kai wa sakatare janar ko darakta, ya rubuta a gefenta sashen da zai duba, a kai wa shugaban sashen ya ce akwai wuri ko babu, sannan a fitar da takardar amincewa. A kowane mataki tana iya kwanciya. Bayan mako guda ka koma, ka gaida sakatariya da ladabi, "Madam, ina kwana, na zo bin sawun takarda mai lamba kaza." Kada ka riƙa zuwa kullum har a gaji da ganinka, kada kuma ka ɓace. Ka ajiye takarda a wuri biyu ko uku. In an karɓe ka a ɗaya, ka je sauran ka sanar da su, ka yi godiya.

Za a ce maka sai da hanya, sai kana da kawu a ciki. Gaskiya ne sanayya tana gaggauta abu, kuma ba laifi ba ne malaminka ya kira tsohon ɗalibinsa ya gabatar da kai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ba da kuɗi don a karɓe ka. Wanda ya shiga aikin hukuma ta wannan ƙofa tun yana ɗalibi, me zai ce wa talaka gobe in ya zauna a kujerar?

Makon farko

Ka riga ma'aikata zuwa. Ka sa tufa mai tsabta da mutunci. Ka gaida kowa, tun daga mai gadi da masinja da direba har zuwa darakta, kuma ka riƙe sunayensu. Masinjan da ya shekara ashirin a gidan ya san inda kowane fayil yake kwance, ya san ranar da shugaba ke sa hannu da ranar da ba a tunkararsa. In ka ce masa "Baba" ka girmama shi, zai buɗe maka abin da ba wanda zai gaya maka.

Ranar farko ka nemi sanin wanda zai kula da kai, ka roƙe shi minti goma. "Shugaba, ga batun da makaranta ta ba ni, ga kwanakin da nake da su, ta ina kake ganin ya dace in fara?" In zai yiwu ku tsara zagayen sassa: mako ɗaya a kuriye, mako biyu a eta sibil, haka dai. Kada ka rena kuriye. Wanda ya yi mako guda yana rubuta wasiƙun shiga da na fita ya ga hoton ma'aikatar gaba ɗaya: wa ke rubuto mata, me ake nema, me ke samun amsa da wuri, me ke daɗewa.

Ka sayi littafi ɗaya na musamman. Kowace yamma kafin ka tashi, rubuta abin da ka yi, abin da ka gani, kalmar da ba ka gane ba, tambayar da za ka yi gobe. Ranar Juma'a da ake tashi da wuri, ka zauna ka karanta na makon duka.

In aka bar ka zaune

Wannan zai faru, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke karaya su koma latsa waya. Kada ka jira a kira ka. Ka duba abin da ya yi wa mutanen gidan nauyi ka ɗauke musu. Akwai tsofaffin rajistoci da ke buƙatar jerawa shekara-shekara. Akwai jerin sunaye da ake so a shigar a kwamfuta. Akwai taron da ba wanda ke son rubuta bayaninsa. Ka ce kai za ka rubuta, ka kai a gyara maka da jan alƙalami, ka sake. Akwai kuma layin mutane a bakin ƙofa, masu Hausa da masu Tamajak da masu Fulatanci, waɗanda abin da suke buƙata kawai shi ne wanda zai saurare su ya gaya musu ƙofar da za su shiga.

Ka nemi a ba ka tsarin raya ƙaramar hukumar, wato PDC, da kasafin kuɗin shekara, ka karanta su gefe da gefe: me aka ce za a yi, nawa aka ware, me aka yi. Ka tambayi dalilin da ya sa mai ba da umarnin kashe kuɗi daban yake da mai riƙe da kuɗin. Wannan rabuwar ita ce ginshiƙin tsare dukiyar jama'a. Ka leƙa dokar ƙananan hukumomi ta 2010. Ka kuma san cewa tun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma, in ban da waɗanda doka ta keɓe. Mutane ƙalilan ne suka san da ita. In an fita rangadi ƙauyuka ka roƙi a tafi da kai, amma ka bi umarnin hukuma a kan tsaro sau da ƙafa, kuma gida su san inda kake.

Amana

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Za ka ga takardun saki, da rigimar gado, da albashin mutane, da sunayen masu bashin haraji, wasu ma maƙwabtanku ne. Abin da ka gani a biro, wato ofis, ya tsaya a biro, ko a fada da abokai kada ya fito. Kada ka ɗauki hoton takardar hukuma ka tura a WhatsApp ko Facebook. Ban da cin amana, akwai dokar laifukan intanet da ta kare bayanan mutane, kuma suna aiki a kan ɗan sitaj kamar yadda suke aiki a kan kowa. Kada ka sa hannu a madadin wani, kada ka taɓa hatimi sai an umarce ka. In wani ya miƙo maka ɗan abu "na shan ruwa" don ka tura takardarsa gaba, ka ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, aikina ne." Siyasar da kake yi a jami'a kuma ka ajiye ta a bakin ƙofa, don mai zuwa neman takarda ba ruwansa da ra'ayinka.

Ƙanwata, ke kuma ga tawa ta musamman. In wani babba ya fara kiranki bayan an tashi aiki, ko ya ɗaura makinki da wata buƙata tasa, ba ki yi laifin komai ba, kuma ba dole ki haɗiye ba. Ki gaya wa malamin da ke bin sitaj ɗinki a makaranta, ki gaya wa wata babbar ma'aikaciya da kika amince da ita, ki gaya wa gida. Ana iya canza miki sashe ko wuri.

Rahoto da takardar shaida

Kada ka bari sai satin ƙarshe. Daga tsakiyar sitaj ka fara zuba abin da ke littafinka. Yawancin rahotanni suna cika shafuka da tarihin ma'aikata da jadawalin muƙamai da aka kwafo daga na bara, sai a zo wurin abin da ɗalibi ya gani da idonsa a tarar da rabin shafi. Ka juya lamarin. Gabatar da ma'aikata a taƙaice, sannan ka baje abin da ka yi da abin da ka lura. In ka kawo adadi, ya zama wanda ka ƙirga da kanka daga rajista da izini, ko wanda ka samo daga hukumar ƙididdiga ta INS, ka kuma faɗi shekararsa. Shawarwarinka su zama waɗanda za a iya yi da abin da ke hannu: allo a bakin ƙofa mai nuna takardun da ake buƙata da Hausa da ajami, ko ranar kasuwa a ware mutum ɗaya don masu zuwa daga nesa. Ka nuna wa mai kula da kai kafin ka buga, ka bar wa ma'aikatar kwafi ɗaya.

Kafin ranar ƙarshe da mako guda ka tuna musu da takardar shaidar kammalawa. Ka duba sunanka harafi-harafi ya dace da na takardar haihuwarka, ka duba kwanakin, da sa hannu, da hatimi. Ka yi kwafi da yawa ka adana ta asali. Ana iya neman ta a ANPE, a takardun bautar ƙasa, a hukumar ƴan sa-kai ta ANVD, da gasar ɗaukar aiki. Sannan ka zaga biro-biro ka yi sallama, har wurin mai gadi.

Abin da za ka koma da shi unguwa

Yanzu ka san abin da mutanen unguwarku da yawa ba su sani ba, kuma ba sai an ɗauke ka aiki za ka yi amfani da shi ba. Ka je wurin mai unguwa ka ce, "Ranka ya daɗe, na yi koyon aiki a meri, in akwai mai matsalar takarda a turo mini in nuna masa hanya." In ku uku ne ko huɗu da kuka yi sitaj a wurare daban-daban, ku haɗa kai: ɗaya ya san filaye, ɗaya ya san haraji, ɗaya ya san eta sibil. Ƙungiyar samarin da ke fita gyaran magudanar ruwa kafin damina ko dashen itace ranar 3 ga Agusta tana buƙatar wanda ya iya rubuta wa hukuma takarda ya kuma bi sawunta. Matan da mazansu suka tafi cin rani Abidjan ko Libiya, su ne ke fama da takardun yara su kaɗai.

Mafi sauƙin farawa shi ne wurin suna. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kuma cikin wannan wa'adi kyauta ne, a asibiti ko a cibiyar bayyanawa ta ƙauye. Ranar suna kwana bakwai kacal suka wuce. Bayan an shafa fatiha an raba goro, ka matsa kusa da uban jariri ka yi masa barka, ka tambaye shi a hankali ko an rubuta yaron. In ya ce tukuna, ku sa rana, ka zo da safe ka raka shi.